Kullin Ƙarshe a Igiyata

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da wani dattijo, shugaban iyayen yara na makarantarmu. Aikenmu Daura aka yi, mu zaɓo kayan wasa a wurin masu walda. Shi ya riƙo sandarsa, ni kuma na cusa igiya a aljihu.

Bari in faɗa muku labarin igiyar nan. Ana gobe tafiya na jera 'yan ajina, na auna kowa daga ƙasa zuwa gwiwa, ina yin kulli, don kada a ƙero mana lilon da ƙafarsu ba za ta taɓa ƙasa ba. Na gama ke nan sai na ji murya daga gindin darbejiya: "Malam, ni ba a auna ni ba." Hassana ce. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana goye, da hannu take tafiya. A lilon igiyar da yara suka ɗaura a reshe, ita ce mai ƙirga. In ta kai ashirin ta ce "sauka", kowa sai ya sauka, amma ita ba ta taɓa hawa ba. Kunya ta rufe ni, wallahi. Na durƙusa na auna iya inda za ta iya ɗaga jikinta, na yi kulli can ƙasa, bai kai taƙi biyu ba.

Babur ya kai mu Zango. Bazara ce, gonaki duk an share, amalanken shanu sai jigilar taki suke. A tasha muka karya da ƙosai, uku a naira ɗari, dattijo yana ta mita wai a zamaninsu da wannan kuɗin sai ka ciyar da gida. Mota kuwa mu huɗu aka danna a baya, har da wata baiwar Allah mai kaji biyu. Ɗaya ta yi ta saran hular dattijo har muka shiga Daura.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa rumfar mai walda. Mutum ne mai fara'a, da baƙin tabarau a goshi, ga kaya jere a bakin titi sun sha fenti ja da kore. Kuɗin da ke hannunmu lilo zai saya da wani abu guda, ba ƙari. Dattijo tun daga gida ransa na kan abin sulu, wanda yara ke hawa da tsani su zamo ƙasa, don makarantar garin da ke kusa da mu suna da shi. Ya je ya dafa farantin ƙarfen sulun da ke rana, sai ji muka yi: "Wayyo! Wannan ai tanda ce!" Ya yi ta yarfe hannu, amma ya ce a inuwa za a kafa. Akwai wani mai juyawa kamar faifai, shi kam ni na ƙi, don hijabin 'yan matanmu har ƙasa yake, ƙarfen zai iya naɗe shi. Ko sarƙar lilon ma sai da mai walda ya ce zai zura ta cikin tiyo, saboda hijabi da 'yan yatsu.

Na fito da igiya. Mai walda ya bi kullin ɗaya bayan ɗaya da tef ɗinsa, har ya zo na ƙarshe.

"Malam, wannan fa? Jariri kuka saka a makaranta?"

Na gaya masa ko wace ce. Ya ce kujerarta daban za a yi, mai majingina da madafa a gefe da ƙarfen da zai tare gaba, a sauke ta ƙasa sosai. Amma in za a yi haka, sai dai mu haƙura da abin sulu.

Na kalli dattijo. Shi ke da ta cewa, kuma ya riga ya yi wa mutanen gari alkawari. Ya daɗe yana murza kullin nan da yatsa.

"'Yar gidan mai faci ce ko? Mai gaishe ni kullum a bakin masallaci?"

"Ita ce, Baba."

"To a bar sulun. Masu ƙafa ai ba su rasa abin hawa ba."

Muka yi azahar, muka sha fura mai sanyi a bakin kasuwa, kafin nan an haɗa kujera an rataya. Na ce mu tafi, dattijo ya ce a'a, ba a gwada ba. Mutumin nan da furfurarsa ya naɗe babbar riga, ya zauna dirshan a ƙasa, ya miƙe ƙafafu kamar ba nasa ba, ya ja jiki da hannu zai hau. Kujera ta gudu baya, ya kife. 'Yan acaɓa suka tsaya kallo, ana ta dariya. Ya tashi zaune ya ce a rage tsawo, a ƙara madafa. Sau uku yana gwadawa, sai a na ukun ya hau. Ni kuwa na juya ina goge ido.

Bayan la'asar aka ɗaure kaya a saman mota, muka iso gida gab da magariba. Masu jiran abin sulu suka yi ta tambaya, dattijo ya ce duk mai magana ya same shi a zaure.

Abin da na koyo a tafiyar nan, kafin ka zaɓa wa yara abin wasa, ka fara duba wanda ke zaune a gefe yana kallo. Shekara biyu yarinyar nan tana gabana, sai da ta yi magana na gan ta.

Aka kafa lilon da siminti, kwana uku ya bushe. Ranar da aka buɗe, Hassana ta ja jiki ta kama madafa, ta hau da kanta, ba wanda ya ɗaga ta. Ƙawayenta suka tura, ajin gaba ɗaya suka ɗauki ƙirga. Da suka kai ashirin ta riƙe sarƙa tana shirin sauka. Ba wanda ya ce "sauka". Sai wata ta ce "ɗaya", sauran suka amsa, "biyu".