Ranar da Inna ta ba da labarinta a kan ruwa

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta su, amma wannan rana da zan ba ku labarinta, ina jin sai dai in mutu da ita a raina. A shekarun farko ne da aka ba mu jihar Kebbi, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Yelwa. Wata safiya hedimasta ya aiko a kira ni ofishinsa. Na tarar da wani baƙo zaune, siriri, da tabarau, ya rungume wata jaka kamar wanda ake shirin ƙwace masa ita. Hedimasta ya ce malamin tarihi ne daga jami'a, yana yawon tattara takardun mutane da labarin rayuwarsu don a adana a ɗakin ajiye kayan tarihi. An gaya masa mahaifina yana da rubuce-rubuce.

Gaskiya aka gaya masa. Baba masunci ne, amma ya yi karatun allo mai zurfi, kuma tun ina ƙarama na san shi da rubuta abin da ya same shi da ajami. Shekarar da ruwa ya yi yawa, shekarar da kifi ya yi ƙaranci, wanda ya rasu, wanda aka haifa, duk yana rubutawa ya jefa cikin wata adaka. Mu 'yan gungu ne, wato tsibirin da ke tsakiyar kogi. Da aka yi madatsar Kainji ruwa ya cinye gungunmu, aka maido mu sabon gari kusa da Warra. Ni ban riƙe komai na tsohon garin ba, don a goye aka fito da ni.

Ranar Asabar na raka baƙon gida. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka fito da adaka. Kafin a buɗe, Baba ya tambaye shi abin da ya sa mutum zai baro jami'a ya zo neman takardun masunci, alhali ga tarihin sarakuna nan.

Baƙon ya ce na sarakuna an daɗe da rubutawa. Ya ce lokacin da ya je ƙaro karatu Amurka ya shiga wani ɗakin karatu, ya ga wasu mutane sun tara takardun kakanninsu da suka yi ƙaura a kan kekunan shanu. Manomi ya rubuta nasa, maƙeri ya rubuta nasa, har matan gida sun rubuta yadda suka yi tafiyar da 'ya'ya a hannu. Jikokinsu na zuwa suna karantawa. Ya ce a nan ya tuna kakarsa ta rasu, ko sunan garin da aka haife ta bai sani ba.

Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Har da mata?"

"Har da mata, Baba."

Sai baƙon ya ciro rikoda daga jakarsa ya kunna, Baba ya fara karatu. Ya karanta yadda ya koyi sana'ar su wurin mahaifinsa, da shekarar da ya kama giwan ruwan da sai da aka taru kafin a ɗaga ta. Ya zo kan ranar tashi daga gungu, ya karanta cewa, "Muka kwashe kayanmu, muka ƙetare lafiya, ba abin da ya same mu."

Sai muka ji dariya daga bayan zana.

Inna ce, tana wurin murhun banda tana juya kifi, ashe kunnenta na zaure. Ta ce, "Lahiya? Malam, kai da kana Yelwa wurin taron manya, ina kas san yadda munka ƙetare?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. A ganina a lokacin, Inna ta kwance wa Baba rawani gaban baƙo. Yanzu da na girma na gane ba haka ba ne, magana ce ta daɗe tana cin ta, ba wanda ya taɓa tambayarta. Baƙon kuwa har ya ɗan miƙe don zumuɗi, ya dubi Baba ya ce, "Baba, in ka yarda, ina so in ji ta bakin Inna."

Baba ya rufe takardarsa a hankali. Na san halinsa, in ya ce a'a, ya maida adaka ɗaki, shi ke nan, ba nasa ba na Inna. Can ya ɗaga murya ya ce, "To kin ji. Taho ki gyara."

Sai kuma Inna ta ƙi fitowa. Ta ce ita mi ta sani in ba banda kifi da dashen albasa ba. Na shiga na roƙe ta, baƙon ya roƙa ta bayan zana. Da muka matsa mata sai ta ce wa baƙon, "Ɗana, maganar ba ta gidanga. Can na baro ta gungu. In ana son ta, sai a kai ni."

Ni na ɗauka hanyar zillewa ce ta samu. Amma sai Baba ya tashi ya fita. Da ya dawo sai ya ce ya yi magana da mai jirgin inji, gobe da hantsi za a tafi.

Washegari muka shiga jirgi. Baba ya karɓi tuƙi da kansa, Inna ta sha sabon zane ta zauna tsakiya, baƙon ya naɗe rikodarsa cikin leda ya ƙanƙame gefen jirgi, don bai saba da ruwa ba. Tun da aka tashe mu Inna ba ta taɓa komawa wajen ba. Muka yi ta tafiya har gaɓa ta koma siririn zare. Baba yana duban wani dutse ta gabas, yana waiwayen wata giginya a gaɓa, har ya daidaita su yadda yake so. Ya kashe inji ya ce, "Mun iso gida."

Na duba, ba komai sai ruwa ta ko'ina. Inna ta sa hannu cikin ruwan, ta daɗe ba ta cire ba. Ta ce mahaifiyarta na nan ƙasa, da ɗanta na fari, wana da ban taɓa gani ba. Muka ɗaga hannu, Baba ya yi musu addu'a, muka shafa. Na ce a raina yau sai kuka.

Ashe ba haka ba. Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta nuna wani wuri da yatsa ta ce, "Nan tsamiyarmu take. Ɗana, kunna abin naka."

Ban taɓa sanin mahaifiyata ta iya labari haka ba. Tana nuna ruwa tana cewa ga gidan wance, ga fadamar albasa, ga mashigin da mata ke wanki, har sai da na fara ganin garin da idona. Ta zo kan ranar tashi. Ta ce ita ta tuƙa kwalekwale da hannunta, ina goye a bayanta, ga surukarta, ga awaki, ga tukwane. Suna tsakiyar kogi sai bunsuru ya ga gungu na nisa, ya yi tsalle ya faɗa ruwa zai koma gida. Garin kamo shi turmi ya mirgina ya bi shi. Surukarta, wato kakata, ta ce a bar bunsuru a ceto turmi, don na uwarta ne. Inna ta ce, "Ni ko nac ce dut biyun nawa na. Na kama bunsuru da kunne, na tare turmi da filafilin tuƙi, tsohuwa na salati, wagga ɗiya na ta kuka baya gare ni. Shi ne Malam yar rubuta wai lahiya!"

Baƙon ya yi dariya har ya manta da tsoron ruwa, ya saki gefen jirgi. Baba ya yi ta girgiza kai yana cewa, "Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka tambaya?"

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta faɗi ranar da ta fara ganin Baba, yana saurayi, ya ga 'yan mata a mashigi ya miƙe tsaye bakin kwalekwale zai jefa birgi, wato ragar kamun kifi, don a gan shi, ya jefa har da kansa. Baba ya ce ƙarya ce, santsi ne ya kwashe shi. Inna ta ce ko mi ne ne dai, da ya fito yana tari ita ta ce wa gwaggonta wancan take so. Baba ya buɗe baki ya dube ta. Duk tsawon zamansu yana ɗauka shi ya yi ta fama kafin a ba shi ita. Dattijon da ko murmushi sai da dalili yake yi, ranar na ga haƙoransa duka.

Kaset ya ƙare aka juya, ya sake ƙarewa aka sa wani. Sai da rana ta take muka juyo.

Da muka isa gida labari ya riga mu. Matan unguwa suka cika tsakar gida, baƙon ya kunna musu. Inna ba ta taɓa jin muryarta ba. Ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska ta ce, "Wace ce wagga tsohuwa mai surutu?" Aka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar tsofaffin mata sun yi layi, kowace na cewa ita ma tana da nata, har kaset ɗin baƙon suka ƙare ya yi alkawarin dawowa, kuma ya dawo.

Da zai tafi, ya tambayi Baba ko ya yarda a ɗauki takardun. Baba ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ya ce in zauna in rubuta duk abin da Inna ta faɗa, a haɗa da nasa a ajiye wuri ɗaya. Ya ce, "Nawa rabi na. Wanda duk ya karanta shi shi kaɗai, bai san yadda munka ƙetare ba." Hutun makarantar da ya biyo baya kaf a gindin murhun banda na yi shi, ina rubutu Inna na gyara mini.

Yau duk su biyun sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Abin da ranar ta koya mini shi ne, tarihi ba sai a fada ko a littafi ba, yana nan cikin gidanmu yana juya kifi a murhu, tambaya kawai yake jira. Na zauna da Inna tun haihuwata, ina ganin na san ta, sai da baƙo ya zo daga nesa ya ce mata "ba ni labari" sannan na san wace ce ta haife ni. In kana da tsoho a gida, je ka zauna kusa da shi yau ka tambaye shi, tun yana iya amsawa.