Alkyabbar da Aka Sa wa Almakashi

Gobnait Hurley ba ta taɓa rataye alkyabbarta ba sai ta cusa busasshiyar ciyawa a cikin hular da ke jikinta, don kada tattarar ta kwanta. Ko daga coci ta dawo, ko daga kasuwar kifi ta Kinsale, sai ta yi wannan kafin ta ɗora ruwan shayi. Mijinta, kafin teku ta tafi da shi, yakan ce alkyabbar ta fi shi samun kulawa. Ba ta taɓa musa masa ba.

Baƙar alkyabba ce ta ulu mai nauyi, tun ta kakarta. A wajenmu uwa ce ke miƙa wa babbar 'yarta ita ranar aure, bayan ta sake mata shafi da hannunta. Kuma ba a sa mata almakashi. In ta yi wa mace tsawo, sai ta kalmashe ƙasan ta ciki, mai gado ta warware. Gobnait gajera ce. Ƙasan alkyabbar ya daɗe a naɗe yana jiran 'yarta Eilish, doguwar mace mai aikin jinya a Ingila, wadda aka sa aurenta a lokacin kaka.

Da bazara Gobnait ta zame a duwatsun bakin ruwa, ta karye a ƙugu, aka kwantar da ita asibiti. A lokacin ne manyan gari suka shirya bikin tarbar baƙi, suna neman alkyabba irin ta da, wadda wata budurwa za ta sa ta tsaya a kan keken doki. Donal, ɗan Gobnait, mutum ne da ba ya iya cewa a'a in an kira shi da girma a mashaya. Suka roƙe shi alkyabbar uwarsa, ya ba su.

Ranar da aka sallamo ta, ko zama ba ta yi ba ta ciro alkyabbar daga ƙusa. Ta ji ta sakayau a hannu. Ta juya ƙasan, ta ga sabon ɗinkin keke.

"Donal. Zo nan."

"Mama, ki zauna mana, likita ya ce..."

"Likita ne ya haife ka? Wa ya taɓa wannan?"

"Aro fa kawai suka yi. Har a jarida ta fito! Matar Crowley ma gyara miki ta yi, ta ce ƙasan ya yi kauri, yana harɗe yarinyar."

"Gyara," in ji Gobnait. "Wannan kaurin tsawon 'yar'uwarka ne, sakarai. Shi kuka yanke."

Da sandarta ta hau tudu har gidan matar Crowley, mai shagon zare. Ta tarar da ƙyallen da aka yanke a nannaɗe, an toshe ƙasan ƙofa da shi saboda iska.

"Haba Gobnait," matar ta ce tana dariya, "wa ke sa irin wannan yanzu? Eilish ɗin farar riga za ta sa kamar kowa."

"Ta sa, ta ƙi sawa, ruwanta. Nawa shi ne in miƙa mata yadda aka miƙo mini. Ɗaga ƙafarki, a kan kakata kike tsaye."

Ta wanke ƙyallen, ta shanya, ta zauna bakin taga ta fara haɗawa. Baƙin zare a kan baƙin ulu, ga ido ya yi rauni. In ta shafa ta ji tudun ɗinki a yatsa, sai ta farke ta sake. Ba ta ƙara yi wa Donal magana ba, ban da abin da ya zama dole. Shi kuwa kullum kafin ya fita sai ya zura mata zare a allurai ya jera a kan tebur. Tana amfani da su. Ba ta gode ba.

Lokacin kaka ya zo, aka ɗaura auren Eilish a can Ingila, alkyabba ba ta ƙetare ruwa ba. Maƙwabta suka ce ta haƙura, tun da ranar ta wuce. Ta ce su je su ji da nasu gidajen.

Sanyin hunturu ne ya kama mata ƙirji, ya yi ajalinta. Da Eilish ta iso jana'iza, ta sami alkyabbar shimfiɗe a kan tebur. An haɗa fiye da rabi, ɗinkin ba ya ko ganuwa. Sauran ƙyallen na reto ƙasa, allura na soke a inda aka tsaya.