Motar Dizal da Rumfar Baba

Shekarun baya, lokacin muna haya a wani bene a Silver Spring da ke Amurka, ina da wata mota ruwan toka mai shan dizal. Ba wata ta a-zo-a-gani ba ce, amma ba ta da cin mai, in na cika tanki har mantawa nake da hanyar gidan mai. Na saye ta ne saboda tallar da ake yi cewa hayaƙinta ba ya gurɓata iska, kuma na daɗe ina yi wa abokan aiki wa'azi a kan haka, har wasu suka fara sauya hanya in sun hango ni a wurin ajiye motoci.

Ba a jima da sayenta ba mahaifina ya zo daga gida ganin likitan ido. Ni ne ɗan fari, kuma gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, hirarmu kuma ba ta wuce gaisuwa da tambayar iyali. Duk wata magana mai nauyi sai ta bi ta wajen gwaggona, ƙanwarsa, wadda ta rene ni. A zuwan nan ni ke kai shi asibiti in dawo da shi, mu daɗe a cunkoson hanya ba mai cewa uffan. Wata rana da muka tsaya sai ya dafa gaban motar, ya ce injin nan yana da lafiya. Daɗi ya ɗebe ni, don ban saba jin yabo daga bakinsa ba, ko da na mota ne. Kafin in ankara na ce in na sake wata zan sa wannan a jirgin ruwa in aika masa. Ya ce Allah ya yi albarka. Bayan ya koma gida gwaggo ta sanar da ni ya sa an kafa rumfar kwano a ƙofar gida, duk unguwa ta san mota na tafe daga Amurka.

Aikina a lokacin karanta labarai ne a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Wata safiya aka miƙo mini labarin cewa kamfanin da ya ƙera irin motata ya sa musu wata dabara, in ana gwaji su rage hayaƙi, in an hau titi su saki abinsu. Na fassara, na gyara murya na karanta kamar abin bai shafe ni ba, alhali makullin motar na aljihuna. Abokan aikin da na dama da wa'azi kuwa suka samu abin yi na wata da watanni.

Daga baya aka ba masu motocin zaɓi. Ko dai ka mayar wa kamfani a biya ka farashin da take da shi kafin asiri ya tonu, ko ka riƙe abarka a yi mata gyara, kuma aka sa wa'adi. Matata ba ta ga abin dogon tunani a ciki ba. Ta ce motar ta ci hanya, ba wanda zai ƙara tayata da wannan daraja, yara sun fara yi wa kujerar baya yawa, in mayar kawai in saya wa Baba wata. Na ce ba wata ya dafa ba, wannan ya dafa. Kyauta kuma da zarar ka furta ta ai ta bar hannunka, ban ga yadda zan koma ina cinikin motar mahaifina da wasu ba. Ta ce to in tambaye shi mana. Na dube ta kawai, don ta san irin gidan da ta shigo.

Haka na yi ta jan ƙafa. Duk lokacin da na kira gwaggo sai in zagaya in tambaya ko Baba ya yi maganar mota. Ta ce abu ɗaya yake yawan tambaya, wai har yanzu yaron nan yana hawan motar nan? Ni kuma in ce shi ke nan, ya gaji da jira. Da wa'adin ya matso sai na yanke cewa zan riƙe ta, a gyara, in aika. Matata ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ba ta ƙara tayar da zancen ba, kuma shirun nan ya fi maganarta damuna.

Na kira gwaggo don ta isar da saƙon, ashe tana gidan Baba. Ta saurare ni har na gama, ta ce ita fa ta gaji da kai-komo tsakanin manya biyu, sai na ji ta miƙa masa wayar. Muka gaisa, na yi ta inda-inda a kan gyara da jirgin ruwa. Ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Ba ita ce kuka ce tana ɓoye hayaƙi ba?"

Na ce ita ce, amma a ina ya ji?

"A bakinka mana. Tun ranar nake jira ka mayar musu da kayansu. Na ga kai ka yi kyautar, ba ni zan ce ba na so ba."

Sai na tambayi labarin rumfar. Ya ce rumfa ta riga ta samu masu ita, nan yake zama da abokansa da safe su kunna rediyo, ko motar ta zo ma ba inda za a ajiye ta. Daga nan ya mayar wa gwaggo wayarta.

A satin na kai motar. Wani ma'aikaci ya zagaya ta, ya karɓi makulli, na hau bas na dawo gida. Ban ji wata kewarta ba, gaskiya. Na aika tambayar wace iri zan saya masa a madadinta, amsa ta dawo cewa in bari tukuna, kuma har yau tukunan bai ƙare ba.

In na tuna abin yanzu dariya yake ba ni. Mun shafe fiye da shekara kowa na yi wa ɗan'uwansa kara a kan motar da ba mai so, kuma saura kaɗan in biya kuɗin jirgi da na kwastan in kai masa abin da zai karɓa don kunya. Ban ce kunyar nan ba ta da kyau ba, da ita aka rene ni, kuma ban fasa ba. Abin da ya fi zauna mini dai shi ne na yi shekaru ina magana a rediyo ban san yana saurare ba, sai da rigimar mota ta sa ya faɗa sau ɗaya. Bai ƙara faɗa ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Amma tun daga ranar, duk sanda zan fara karanta labarai sai na gyara zama.