Hannuwan Ƙanwata a Cikin Hijabi

Kowa a ƙauyenmu ya ɗauka maganar hannu ce ke hana kurma karatun boko, kuma ni na fi kowa yarda da haka. Lokacin gama sakandarena ke nan a Kunci, ni kaɗai ce mai Turanci a gidanmu, ga jin kai, ga rashin haƙuri.

Ƙanwata ta kurmance tun tana ƙarama bayan wani zazzaɓi, Baba ya kai ta makarantar kurame ta kwana. Da ta zo hutun damina, Inna ta ce in riƙa yi mata bitar Turanci in mun dawo daga gona. Sai na ga in ta buɗe littafi, yatsa ɗaya yana bin layi, ɗayan hannun yana ta juyi, har tana murmushi ita kaɗai. Matan maƙwabta da ke zuwa surfe suka fara dariya, wata ta tambaye ni ko rawa ake koya musu a can. Raina ya ɓaci. Na kama hannuwanta na cusa cikin hijabinta, na nuna mata bakina, wai nan za ta riƙa kallo. Duk sanda hijabin ya motsa sai in tsula wa wurin kara. Haka muka cinye hutun. Tana kwafe shafi tsaf, ni kuwa ina gaya wa Baba ta ci gaba.

Ƙarshen zango na raka Baba ɗauko ta. Malamarta ta ce za ta maimaita aji. Ta ce yarinyar da a da ta fi kowa gane labari yanzu ba ta fito da hannu, alhali Turanci bai taɓa shiga kunnenta ba, da hannu take ɗaura wa kowace kalma ma'ana. Ta tambayi abin da ya faru a gida. Baba ya ce babu komai, ai yayarta ma ta yi mata ƙoƙari sosai. Wallahi na kasa ɗaga kai.

Masu kurma a gida, ku bar musu hannunsu. Ni dariyar maƙwabta na guda, na jawo wa yarinya asarar shekara. Har yau in na shigo ɗaki, hannuwanta komawa suke cikin hijabi. Na gaya wa Baba gaskiya. Gobe zan shimfiɗa tabarma a gindin turmi, ita malama, ni ɗaliba. Mai dariya ta yi da ni.