Matan da suka ce goma

Shekara ashirin ke nan muna zaune ofishi ɗaya da Sabohat Nazirova, ita tana koyar da ilimin halayyar jama'a, ni ina koyar da ƙididdiga. Mace ce mai kaifin kai da gajen haƙuri, kuma tun tana ƙaramar malama abu ɗaya ta sa a gaba: ta gano me ke faranta ran mutanenmu na Tajikistan.

Aikin da ya yi mata suna a ƙauyen Tutak ta yi shi, can cikin duwatsu, inda mazan duk sun tafi Rasha aikin gini. Ta bi gida-gida da takarda tana tambayar matan: daga ɗaya zuwa goma, nawa za ki ba jin daɗin rayuwarki? Kusan kowacce ta ce goma. Ni na haɗa mata alƙaluman ban ce uffan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Mu biyun 'yan ƙasar nan ne, mun sani sarai cewa idan baƙo ya zauna, aka ajiye masa burodi da shayi, ba a kai masa kuka, godiyar Allah kawai zai ji. Amma an buga aikin a Turai, ana ta gayyatarta taro, sai muka yi kamar mun manta.

Wata ƙungiyar agaji da ta yi shirin ajiye likitar masu damuwa a Tutak ta karanta aikin, ta fasa, ta kai likitar wani ƙauyen.

Bayan shekara uku Sabohat ta koma. Ta nemi Zarrina, matar da ta fi kowa dariya ranar tambayar. Uwar mijinta ce ta fito.

"Malama, kin makara. Kogi ta faɗa, bara. Yara uku ta bar mini."

"Amma goma ta ce mini!"

"To me za ta ce, 'yata? Ke baƙuwa, da motar jami'a. Ta zubar da mutuncin gidanmu a gabanki?"

Sabohat ta dawo ta rubuta wasiƙar janye aikin. Shugaban sashenmu ya karanta ya yi tsaki.

"Haba ƙanwata, saura wata biyu ki zama farfesa. Ki janye, ki koma goge allo? Mu ma da sunanki muke cin abinci."

Ta karɓi wasiƙarta, ba ta aika ba. Ta zama farfesa, muka ci shinkafa da naman rago, na yi mata murna da bakina ina jin kunyar kaina.

Makon jiya wata ɗalibarta ta shigo cike da ɗoki, ta ce tana so ta je Tutak ta zauna da matan wata shida, ta koyi sirrin farin cikinsu.

Sabohat ba ta ɗago kai ba. "Babu hanya," ta ce. "Ruwa ya cinye gadar."

Kwana ɗaya ko biyu kafin nan, ranar Lahadi, na bi ta kan gadar zuwa gidan ƙanena, ƙalau take. Da ɗalibar ta juyo ta dube ni, sai na ce haka ne, ruwa ya cinye.