Kalmar Sirri Mai Ƙugiya

Na sha faɗa a majalisarmu, kuma da ƙarfi nake faɗa don na ƙarshen benci ya ji, cewa daga Haɗejiya har bakin teku babu sabar da aka ɗaure tamau kamar tawa. Sabar dai babbar kwamfuta ce, wani baƙin akwati mai 'yan fitilu, wadda ke riƙe da bayanan wata ƙungiyar manoma da makiyaya da nake wa aiki, ni kuma ne mai gadinta. Nakan ce ko aljani ne ya zo, sai ya tuɓe takalmi a ƙofa, ya faɗi sunan kakansa, sannan in duba ko ina da lokacinsa.

Abin da na fi taƙama da shi wata dabara ce da na ƙirƙiro da kaina, ban kwafo ta a littafin kowa ba. Na kafa doka cewa duk kalmar sirrin da za a shiga da ita sai ta ƙunshi harafi mai ƙugiya, ko ƙ, ko ɗ, ko ɓ. Hujjata kuwa, ɗan kutsen da ke zaune can ƙetaren teku, ina zai samu ƙ a madannansa? Sai dai ya zo Kafin Hausa ya sake firamare. Na ƙara da cewa ba a rubuta kalmar a takarda, a ka ake ajiye ta. Wanda kuma ya yi kuskure sau biyar a jere, sabar ta rufe masa ƙofa har gobe.

Aikin akwatin ba mai yawa ba ne, amma rai ne a cikinsa. Muna da malaman dabbobi da ke bin rugage. Idan sun ga cuta, sai su shiga shafinmu ta waya su rubuta, likitar ƙungiya ta gani a ofis, ta ɗebi magani daga firji a tafi. Shi ke nan. Ni dai nawa in tabbatar ƙofar tana buɗewa ga masu gida, tana rufewa ga baƙi.

Cikin malaman akwai wani Bafillatani, dogo siriri, ya ba ni shekara biyar ko shida. Ni kuwa kakannina daga wajen tafkin Chadi suka zo, don haka tsakanina da shi babu gaisuwa sai tsiya. Ranar da ya zo zaɓen kalmarsa, ya zauna a kujerata ba izini, ya ce, "Kai Babarbare, miƙo wa maigidanka ruwa tukuna."

Na ce, "Bawana, ruwan sai ka biya da nono. Faɗi kalma mai ƙugiya."

Ya ce shi ƙugiyar da ya sani ta masunta ce. Na yi masa bayani. Sai ya ce, "Ɗanmaraƙi." Na ce ai ƙugiya biyu ke nan, ya wuce kowa a aji. Muka ƙara mata lambobi a gindi, na sa ya maimaita har ya haddace. Da ya zaro biro zai rubuta a bayan katinsa, na fizge biron. Ina tuna yadda na ji daɗin kaina a ranar.

Da damina ta kankama, ruwa ya fara mamaye fadama, gonaki kuma suka rufe ko'ina, shanu suka yi arewa kamar kowace shekara. Garkunan da Bafillatanin yake bi suka ratsa ta Birniwa, suka ci gaba har suka tsallaka Nijar. Wannan ba sabon abu ba ne ga kowa a garinmu. Ko mai sayar da ƙosai ta san inda shanu suke a watan. Ni ma na sani, sai dai sanin yana ɓangaren kaina na gida, bai taɓa leƙowa ɓangaren ofis ba.

Wata Talata da azahar ina duba rajistar sabar, wato jerin da take rubutawa na duk wanda ya ƙwanƙwasa, sai na ga layuka biyar ja. Sunan shigar Bafillatanin nan ne, kalmar sirri ba daidai ba, adireshin kuma daga wajen Najeriya. Rajista ba ta nuna abin da mutum ya rubuta, sai dai ta ce ya yi kuskure. Washegari da azahar, wasu biyar. Ranar Alhamis, wasu biyar.

Gaskiya zan faɗa, murna na yi. Shekara uku ina gadi ba wanda ya taɓa kula mu, sai 'yan na'urorin da ke yawo a intanet suna taɓa kowace ƙofa su wuce. Yau ga ɓarawo na gaske, har ya san sunan ma'aikacinmu. Na kira wayar malamin, a kashe. Maimakon hankalina ya tashi, sai na ce ai ga hujja, an sace wayar, ga ɓarayin suna lalube. Nan take na dakatar da sunan shigarsa, sannan na shiga katangar sabar na toshe Nijar gaba ɗaya. Ƙasa guda, da layi ɗaya. Na jingina da kujera kamar wanda ya ci yaƙi.

Na je na ba likita labari. Mace ce mai ƙarancin magana, tana jera kwalabe a firji ba ta ko juyo ba. Na ce gungun 'yan kutse ne na ƙasa da ƙasa, na kore su har sun bar takalmansu.

Ta ce, "Malam, yaushe rabon da a ji daga shi mai wayar?"

Na ce, "Hajiya, Bafillatani da daji ai kifi ne da ruwa. Zai ɓullo."

Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin na nan a kunnena har yau.

Ya ɓullo kuwa, bayan kwana bakwai, da hantsi, a bayan babur, taɓo har gwiwa. Na taso da tsiyata a baki, na ce, "Bawana ya gudo daga gidan wani?" Ya wuce ni kamar ginshiƙi, ya shiga wurin likita. Ina daga ƙofa na ji ya ce ciwon huhu ne, ya shiga garke uku, shanu suna tari suna tsayawa da ƙafafu a ware.

Sai da likita ta fara haɗa kaya sannan ya zauna ya sha ruwa, ya ba ni labarin, a hankali, ba faɗa. Wayarsa ta faɗa rijiya wajen shayarwa, irin rijiyoyin can da ba a ganin ƙasansu. Duk lambobin ofis suna ciki, bai haddace ko ɗaya ba. Abu biyu kawai ke kansa: adireshin shafinmu, da kalmar da na tilasta masa haddacewa. Sai ya ce wa arɗon rugar kada ya damu, zai aika saƙo, kwana biyu likita za ta iso. Kullum in ya gama zagayen shanu yakan taka zuwa wani ƙauye, ya ari wayar wani mai shago bayan sallar azahar. Wayar kuwa madannanta na Faransanci ne. Akwai haruffa masu hula, da masu jela, da masu ɗigo biyu a ka, amma babu ɗ, babu ƙ.

Ya ce ya gwada da d da k tsurarsu. Ya gwada da waƙafi a sama, irin yadda ake rubutawa a saƙon waya. Ya gwada da q. Mai shagon ma ya taya shi nema, suka danna kowane harafi suka riƙe, ko ƙugiya za ta fito. Rana ta huɗu shafin ya ƙi buɗewa sam. Ya ɗauka sabis ne, ya ƙara jiran kwana biyu, yana komawa ruga yana ce wa arɗo gobe. Da gobe ta ƙi zuwa ya kamo hanya, ruwa ya yanke ta a wuri biyu, ya kwana uku kafin ya iso.

Suka tafi da likita a ranar bayan la'asar. Ni kuma na koma na buɗe rajistar, na sake karanta layukan nan goma sha biyar. Komai yana ciki, ba abin da sabar ta ɓoye mini. Na'urar kutse tana gwada kalma ɗari kafin ka ɗaga kofin shayi, kuma tana gwada sunaye barkatai. Wannan suna ɗaya ne, tsakanin gwaji da gwaji minti biyu, wani lokaci uku. Ranar Alhamis, kafin gwaji na biyar, akwai tazarar minti goma sha ɗaya. Na daɗe ina kallon tazarar nan. Mutum ne a tsaye gaban shago da wayar aro, ya san saura masa dama ɗaya, yana tunani. Wane ɓarawo ne ke jiran a idar da azahar kafin ya fito aiki? Na iya karanta rajista tun kafin gemuna ya fara fari. Abin da ya faru shi ne ina son ɓarawo, sai na gan shi.

Gyaran bai ɗauki awa guda ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Na buɗe Nijar. Na soke dokar ƙugiya, na ce kalma ta yi tsawo kawai, da haruffan da ke kan kowace waya. Na sa duk lokacin da sunan ma'aikacinmu ya kasa shiga sau uku, saƙo ya zo mini da likita, a nemi mutumin kafin a nemi ɓarawo. Na buga lambar ofis a 'yan katuna, aka lulluɓe su da roba, kowa ya rataya a wuya. Ni da na fizge biro, ni ne na bi mutane da kati ina roƙo.

Likita ta dawo bayan mako guda, ta ce an tare cutar, mafi yawan shanun sun tashi. Ban tambaye ta sauran ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na dai ji daga baya cewa arɗon ya daina aiko wa malamin da ƙwaryar nonon safe, kuma in ya yi magana a ruga sai a ce masa, "Gobe ko?"

Bai dawo gari ba sai da kaka, lokacin da ruwa ya janye, shanu suka gangaro fadama. Ya shigo ofis ya zauna a kujerata ba izini, ya ce in miƙo ruwa. Daɗi ya kama ni, don na ɗauka wasan ya mutu. Na kawo ruwan da hannu biyu, na nuna masa gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Da na ga fuskarsa ta saki, sai halin nawa ya motsa.

Na ce, "Amma dai bawana, ka shaida abu ɗaya. Duk wannan rikicin, ba mahaluƙin da ya taɓa kalmar sirrinka."

Ya shanye ruwan, ya ajiye kofin a kan sabar, inda na hana kowa ajiye komai.

Ya ce, "Na shaida, Babarbare. Ɗan maraƙin da ke cikin akwatinka yana nan lafiya lau. Na waje ne guda tara suka rasa iyayensu."