Bencin Coci da Sunan da Kakata Ba Ta Faɗa

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sashen tarihi, malamina ya ba ni aikin rubuta yadda aka kafa wani ƙaramin cocin Lutheran a Sabon Gari. Ni kuwa ɗan cikin birni ne, a Ƙofar Ɗan Agundi aka haife ni, ban taɓa leƙa coci ba. Ga kunya, ko a aji ba na ɗaga hannu. Ranar farko sau uku na wuce ƙofar cocin kamar mai neman wani gida, sai da maigadi ya ce, "Malam, in shiga za ka yi, shigo, ya isa haka."

Dattawan cocin sun karɓe ni da kyau. Suka ce mutum biyar ne 'yan Adamawa, da aiki ya kawo su Kano, suka fara taruwa a ɗakin haya suna addu'a a kan tabarma. Amma a wace shekara? Nan aka rabu. Dattijo ɗaya ya faɗi tasa, ɗayan ya ce, "Kai da ka zo daga baya, ina ka sani?" Takardun farko kuwa gara ta cinye. Su kansu abin yana damunsu, suna son yin bikin cikar shekaru, ba su san ko nawa ba ne.

Malamina ya duba abin da na rubuta, ya turo mini. "Ba shekara, ba tarihi. Ka samo ta, ko ka maimaita aikin baɗi."

Wata biyu ina yawo tsakanin laburare da gidajen tsofaffi. A ƙarshe aka haɗa ni da wata tsohuwa, matar ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin. Ta ce, "Ɗana, ni ban riƙe shekara ba. Na dai san a shekarar farko muka sa aka yi mana benci shida wajen wani kafinta a Ɗan Agundi. Ranar da muka je ɗauka ana suna a gidansa, har da nama aka sallame mu."

Kakana, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. Na koma gida, na shiga ɗakin da kullum nake cin tuwo, na zauna gaban kakata.

"Maigida, yau kuma da littafi aka zo zance?" in ji ta.

Na tambaye ta benci. Ta yi dariya. "Mutanen nan masu waƙa! Matansu har rawa suka taya mu."

"Sunan wa ake yi, Hajiya?"

Ta ɗauki carbi ta kau da kai. Na sake tambaya, ta ce tsufa ya sa ta mantuwa. Matar da ta tuna har rawar da baƙi suka yi! Na kusa rufe littafina, don ban saba matsa wa kowa ba. Amma na ƙudura ba zan tashi ba. 'Ya'yanta takwas. Na fara daga auta ina hawa, ɗaya bayan ɗaya.

"Na Gwaggo ƙarama ne?"

"A'a."

Haka har bakwai, kowanne a'a. Saura ɗan fari, mahaifina, wanda ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, don ita 'yar da ce mai alkunya. Na buɗe baki ke nan ta wawuri mafici.

"Tashi ka ba ni wuri, marar kunya!"

Ban taɓa jin daɗin kora irin ta ranar ba. Na samu shekarar a takardar haihuwar mahaifina. Duk da haka ban yarda da shaida ɗaya ba. Na koma cocin, muka kifar da wani tsohon benci da ya rage a bayan ɗaki. A ƙasansa ga alamar da kakana yake yi da kurfi, irin wadda ke jikin akwatin kakata. Dattawan nan biyu suka tsaya suna kallo. Duka shekarun da suka faɗa ba daidai ba ne, kuma kowanne ya fi murna da kuskuren ɗan'uwansa.

Har yau idan mai ba ni labari ya yi shiru, ba na saurin rubuta cewa ya manta. Nakan tambayi kaina me yake jin nauyin faɗa.

Da na gaya wa kakata bencin yana nan, sai ta ce, "Ka ce musu su cire shi daga bayan ɗaki. Mai shi ba ya son a bar aikinsa a raɓa."